Fuskar Umma a Cikin Gawayi

"Miƙo hannunki in gani."

Auta ta ƙara cusa hannun cikin aljihun rigar aikinta. "Baba, fenti ne fa..."

"Na ce miƙo!"

Ta miƙa. Baba ya kama yatsunta da hannunsa mai rawa, ya kai su kusa da tabaraunsa, sannan ya murza babban yatsanta a gefen rigarsa. Baƙin ya fita ba gardama.

"Tun kafin a haife ki nake cikin fenti. Fenti ba ya fita sai da kananzir. Wannan gawayi ne. Kin koma wurin dogon yaron nan ko?"

Ta sunkuyar da kai. Ƙafarta ɗaya sai kaɗawa take yi a ƙarƙashin benci, ta kasa tsayar da ita.

"Koyo kawai nake yi, Baba. Kuma... kuma ya ce yana so ya zo ya gaishe ka."

"Ya gaishe ni?" Baba ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Ki dai ce yana so ya zo ya ɗauke min hannu!"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Duk layin nan an san Baba da rubuta allunan shaguna, Mai Allo ake ce masa. Abin da ba a sani ba shi ne tun da hannunsa ya fara rawa, shi nasa karɓar aiki da ba da umarni. Auta ce take shigewa bayan labule ta ja haruffan nan masu tsayuwa cak, masu kaya su zo su yi ta yabon hannun tsoho, shi kuma ya gyara tabarau ya ce ai sai a hankali.

Ba ta taɓa jin haushin hakan ba. Abin da ya dame ta daban ne. Ta gaji da ja da fari da shuɗi, ta gaji da rubuta "Ana Ɗinki a Nan" da "Gyaran Waya". Ranar da ta hau benen shagon kayan zane don sayen buroshi, ta tarar da wani dogon saurayi yana nuna wa ɗalibansa yadda ake zuba ruwa a takarda kafin a ɗiga launi, ta ga launin yana tafiya da kansa kamar mai rai. Ta tsaya baki buɗe har ta manta abin da ya kawo ta.

"Malama, buroshi kike so ko kujera?" ya tambaye ta.

Da kujerar ta ƙare. Daga fentin ruwa suka koma alli mai launi, daga nan suka koma tawada da tsinke, har suka iso gawayi. A wane darasi ne zuciyarta ta tafi? Ita ma ba za ta iya faɗa ba. Ta dai wayi gari in ba ta ji muryar Dogo ba, kamar yadda ake kiran saurayin, abinci ma ba ya mata daɗi.

Yaya ce ta shiga tsakani, kamar yadda ta saba tun rasuwar Umma. Ta zo daga gidanta da yamma, ta zauna ta yi ta lallaɓa Baba har ya ce to, yaron ya zo ƙarshen mako, amma gaisuwa kawai.

"Kin ji dai, gaisuwa kawai," in ji Yaya tana ƙunshe dariya. "Saura ki je ki shafa masa gawayi a riga don murna."

"Kai, Yaya!"

Washegari tana gama aikin safe ta ruga benen. Ta tarar da Dogo yana jera kwalaben tawada.

"Ya yarda! Ya ce ka zo!"

Saura kaɗan kwalba ta suɓuce masa. "Da gaske, abar ƙaunata? To me zan sa? Me zan ce? In ya tambaye ni sana'ata in ce me?"

"Ka ce kana ɓata wa 'ya'yan mutane hannu."

Suka yi dariya. Ta ɗauko zanen da ta bari jiya, wani tulu da ta yi da gawayi, ta girgiza takardar don ta miƙe. Sai ga baƙin gari yana zubowa a kan teburi.

"A hankali!" Dogo ya riƙe gefen takardar. "Gawayi ba fenti ba ne, ba ya bushewa. Zama kawai yake yi a kan takarda. Ko shekara nawa zai yi, in ba a kama shi ba, zubewa yake yi kaɗan-kaɗan har fuskar zanen ta dushe."

Auta ta ɗago kai da sauri. "Ko yana cikin gilashi?"

"Ko yana cikin gilashi. Akwai wani ruwa da ake fesa masa daga nesa, shi yake riƙe shi. Nawa ya ƙare, sai sabon kaya ya iso. Me ya faru? Fuskarki ta canza."

Ta gaya masa. A falonsu akwai zane ɗaya tak, fuskar Umma, wadda Baba ya yi da gawayi tun suna sabon aure, lokacin hannunsa yana hannu. Hotunanta duk ruwa ya cinye su shekarar da rufin tsohon gidansu ya yi yoyo. Wannan kaɗai ya tsira. Kuma tun da Umma ta rasu Baba bai ƙara zana fuskar kowa ba, ko maganar zanen takarda ba ya so a yi a gabansa.

"Ki bar shi yadda yake," in ji Dogo. "Da kaya sun iso ni da kaina zan fesa masa. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji. Amma Auta da haƙuri ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba.

Tana komawa gida ta tsaya gaban zanen. Ga shi kuwa, a ƙasan firem ɗin, ta cikin gilashi, baƙin gari ya taru siriri. Shekara da shekaru tana goge gilashin nan ba ta taɓa lura ba. Ashe Umma ce take zubewa a gabansu, suna kallo!

Daga ranar ta kasa zaune ta kasa tsaye. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ta waiga ta kalli bango. In babbar mota ta wuce ta girgiza taga, sai ta ji kamar daga jikinta garin yake zuba. Ta kira Dogo ta tambayi kaya, ya ce ba su iso ba. Ta sake kira, ya ce haba masoyiya, ai ɗazu kika tambaya.

Ranar da zai zo gaisuwa, da hantsi, Baba ya fita aski. Auta tana shara idonta ya sauka a kan gwangwanin man sheƙi, wanda suke shafa wa allo in an gama rubutu don kada ruwa da rana su ci shi. Wata dabara ta faɗo mata. Ai duk riƙewa ce! Wancan a fesa, wannan a shafa, meye bambancin? Kuma duk layin nan wa ya kai ta sauƙin hannu a shafa man sheƙi? Baba zai dawo ya ga Umma tana ƙyalli, ta tsira har abada, ita kuma ta ce masa a wurin Dogo ta koyi cewa gawayi yana zubewa. Shi ke nan, gaisuwa ta yi kyau!

Ta sauke firem ɗin, ta cire ƙusoshin bayansa, ta kwantar da takardar a kan teburi. Ta zaɓi buroshinta mafi laushi. Ta yi bisimilla, ta ja shi daga hagu zuwa dama, ja ɗaya mai tsawo kamar yadda Baba ya koya mata tun tana ƙarama.

Idanun Umma suka bi buroshin.

Auta ta ƙame. Inda idanu suke, yanzu wani baƙin zirin ne mai maiƙo. Cikin ruɗewa ta mayar da buroshin baya wai ko za su koma, sai hanci ya tafi. Ta yayimo tsumma ta danna, takardar ta sha mai ta yi duhu, bakin nan mai ɗan murmushi ya narke.

"Wayyo Allah... Umma! Umma, ki tsaya!"

A haka Baba ya same ta, durƙushe, tsumma a hannu. Bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya tako a hankali ya tsaya a kan takardar, hannunsa yana rawa fiye da kullum.

"Wa ya ce ki taɓa ta?"

"Baba, zubewa take yi... an ce min gawayi..."

"An ce miki."

Sai ga sallama a ƙofa. Dogo ne, cikin sabon ɗinki, ya sha turare, yana murmushin da ya kwana yana gwadawa. Idonsa ya sauka a kan teburi, murmushin ya mutu.

"Kai ne mai koyarwar?" in ji Baba, ko kallonsa bai yi ba.

"Ni ne, Baba. Don Allah ka..."

"Ka koyar. Na gani. Juya ka tafi, kuma kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar nan."

"Baba, ba laifinsa ba ne! Ya ce kada in taɓa, ni ce..."

"Ke kuma ki zaɓa. Ko benen can, ko gidan nan."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar ba kowa. Baba ba ya mata faɗa, ba ya mata magana. In ta gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. A shago ya ƙwace buroshi ya ce shi zai yi rubutunsa, haruffan suka fito a karkace, mai shagon ɗinki ya dawo da allonsa yana ƙunƙuni. Auta ta rame. Ta wanke buroshin da ta riga ta wanke, ta share inda ta riga ta share, ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka.

Wata safiya tana zubar da kwandon shara na shago ta ga takardu a cukurkuɗe. Ta warware ɗaya. Zagayen fuska ne da fensir, layin yana tafiya yana karkarwa, ya kauce, an sake, ya sake kaucewa, har fensir ya huda takardar. Ta warware wata, haka. Ashe Baba gwadawa yake yi a ɓoye, hannun yana ƙi.

Nan ta zauna a bakin kwata ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye ta nufi benen, ta riga ta yanke shawara.

"Na zo in ce maka ka haƙura da ni," ta faɗa tun daga bakin ƙofa, don kada zuciyarta ta karaya. "Na raba shi da Umma. Ba zan kuma raba shi da ni ba."

Idanun Dogo sun yi ja.

"Ina son ki, kin sani. Amma ba zan ja da mahaifinki ba." Ya kalli takardar da ke dunƙule a hannunta. "Wannan fa?"

Ta miƙa masa. Ya warware, ya bi layin mai karkarwa da yatsa.

"Bai manta fuskar ba," ya ce a hankali. "Dubi inda ya sa haɓa, dubi nisan ido da ido. Layi ne kawai ya gagare shi... Zauna. Darasi ɗaya ya rage da ban koya miki ba. In kin koya, sai ki tafi."

"Dogo, don Allah..."

"Zauna mana, rigimammiya."

Ya ɗauko takarda mai kauri, ya kwantar da sandar gawayi ya goge ta da shi tun daga sama har ƙasa, ya bi da tafin hannu har ta zama baƙa ƙirin. Sannan ya ɗauko wata kilina mai laushi kamar cingam, ya murza ta a yatsunsa, ya danna a tsakiyar baƙin ya ɗaga. Wuri ya yi fari. Ya sake dannawa, ya shafa da babban yatsa. Kafin ta ankara, ga goshi, ga karan hanci suna fitowa daga duhu.

"Kin gani? Ba a jan layi ko ɗaya. Hasken kawai ake cirowa. In an yi kuskure a mayar da baƙi a sake. Hannu ko yana rawa, dannawa ai ba ta gagare shi."

Ya naɗe mata takardu da gawayi da kilinar. Da ta kai ƙofa ya ce, "Ko ba ki dawo ba, ki ci abinci. Kin rame."

Ba ta waiga ba, don in ta waiga ba za ta iya sauka ba.

Ta san in ta miƙa wa Baba kayan nan, kwata zai watsa su. Don haka da rana ta yi, aiki ya lafa, sai ta shimfiɗa takardarta a kan bencin shago, daidai inda yake zaune yana kallon titi. Ta baƙanta ta. Ta fara dannawa.

Baba ya kawar da kai. Can ya saci kallo. Ya sake kawar da kai, ya yi tsaki.

Ita kuwa da gaske take yi, iyakar ƙoƙarinta ke nan. Tana laluben fuskar da ta shafe, amma abin ya ƙi. Goshin ya yi faɗi, hancin ya tafi gefe. Zufa ta keto mata. Ta ji kujerar Baba ta yi ƙara, ta ji numfashinsa a bayanta.

"Wace ce wannan?"

Maganarsa ta farko gare ta ke nan tun ranar. Ta ce, "Umma ce..."

"Umman wa? Wannan hancin na mai gyaran waya ne! Uwarki hancinta siriri ne, kuma hasken ta nan yake sauka, ba ta can ba. Ke ba ki da ido ne? Kawo nan!"

Mai sana'a dai ba ya iya kallon aiki yana lalacewa ya yi shiru, ko da yana fushi da duniya. Ya fizge kilinar, ya jujjuya ta yana harararta.

"Wannan cingam ɗin fa, yaya ake yi da shi?"

"Dannawa ake yi, Baba. Ka danna ka ɗaga. In bai yi ba ka mayar da baƙi."

Ya danna. Hannun ya yi rawa, farin ya fito da ɗan gefe-gefe mai laushi. Ya tsaya yana kallo. Ya sake dannawa. Ya ja kujera da ƙafa ya zauna, ya ture ta gefe da gwiwar hannu kamar ba ita ta kawo kayan ba.

Wani mai son allo ya leƙo, Auta ta yi masa alama ya dawo gobe. Baba bai ma san an zo ba. Yana dannawa, yana shafawa da babban yatsa, yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ita ba. "A'a, ba haka kike ba... yauwa... ɗan ɗago..." Rawar da ta hana shi jan layi ita ta ba ɗankwalin laushi, har ka ce iska ce take taɓa shi.

Da rana ta karkata ya janye hannunsa.

Auta ta leƙa, sai ta dafe baki. Ba amaryar da ta saba gani a bango ba ce. Wancan zanen yarinya ce mai sumul ɗin fuska, wadda Auta ba ta taɓa gani da idonta ba, ta dai yarda ne da aka ce mata Umma ce. Wannan kuwa kumatunta sun ɗan faɗa, ga ƴar tsagar nan tsakanin girarta da take fitowa in tana tsefe wa Auta kai tana mata faɗan rashin zama wuri ɗaya. Ga bakin nan da yake shirin dariya yana dannewa.

"Ummata..." Kuka ya ƙwace mata. "Baba, wannan ce tawa! Wannan ce na sani!"

Baba ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

"Ni ma ita nake gani in na rufe ido," ya ce. "Na ɗauka ta tafi da hannuna."

"Ka yafe min, Baba."

"Na yafe. Tsoro ne ya sa ni, Auta. Na ga kowa tafiya yake yi ya bar ni da bango."

"Ina zan je? Ko na yi aure, wa zai ja maka haruffa? Kai da ka mayar da allon mai ɗinki kamar tafiyar kaguwa?"

"Ke! Ni kike faɗa wa haka?" Amma bakinsa ya motsa. Ya sake duban takardar, sai fuskarsa ta canza. "Wannan ma zubewa zai yi?"

"Zai zube, in ba a fesa masa ruwan nan ba."

Ta kai hannu za ta gyara gefen takardar, ya buge hannun.

"Kul! Ke da taɓa ta har abada!" Ya gyara zama, ya kalli titi. "Dogon nan... kayan nasa sun iso?"

Ko amsa ba ta tsaya bayarwa ba, waya ta riga ta kai kunne.

Dogo ya iso yana haki, da rigar aiki duk tawada, gwangwanin ruwan feshin a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya nuna masa takardar da haɓa.

"Ga ta nan. Matata ce. In ka ɓata ta, ka san sauran."

Dogo ya jingine takardar a bango, ya ja da baya, ya girgiza gwangwanin. Hannunsa sai karkarwa yake yi.

"Af! Kai ma rawar yake yi?" in ji Baba. "To ashe mun zama ɗaya. Matsa baya kaɗan, kada ka jiƙa min ita."

Feshin ya sauka a hankali, sama zuwa ƙasa. Su ukun ba mai numfashin kirki. Da ya sha iska, Baba ya matsa, ya ɗora ɗan yatsa a can gefen baƙin, ya ɗaga ya duba. Yatsan fes. Umma tana nan, tana danne dariyarta.

"Hmm," in ji Baba. Ya mayar da tabarau. "Ka bar min cingam ɗin nan, da takardu. Kuma ka ce wa mahaifinka kullum ina shago, in yana da magana da ni."

Dogo sai godiya yake jerawa. Auta ta rufe fuska da tafukanta tana kuka tana dariya, ta manta hannun duk gawayi ne. Da ta ɗago, Baba ya kalle ta ya tuntsire da dariyar da rabon gidansu da ita tun Umma tana raye.

"Dubi amaryar taka, don Allah! Zo nan, ke."

Ta matso. Ya riƙe haɓarta da hannu ɗaya, ya kai babban yatsansa mai rawa kan kumatunta.

"Tsaya cak, kada ki motsa," ya ce, yana goge baƙin a hankali. "Yau dai ki zauna wuri ɗaya."

Ta tsaya.